Fitilar Da Ta Ƙi Mutuwa

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya kai shi ɗakin bincike, ya tarar da ita tana shafa wani baƙin abu a kan fallen ƙarfe, yatsunta baƙi ƙirin. Nan take ya laƙaba mata 'Yar Gawayi, ita kuma ta rama da Mai Sanyi. Na'urar dai ta ƙi gyaruwa sai da ya yi ta sintiri, kowa kuma ya san dalili.

Da magana ta yi nisa, ta ba shi 'yar fitilar da ta haɗa da hannunta. Shi kuwa don ya saya mata fada, ya ajiye ta a ɗakin mahaifiyarsa, inda marigayi babansa yake ajiye tabarau.

Fitila ta ci har ta mutu. Da la'asar Mama na ninke kaya ita kaɗai, sai ta ga haske a bango. Fitilar ce ta kama dishi-dishi, ba wanda ya taɓa ta. Ta mutu, can ta sake kamawa.

Saƙonsa ya shigo: "'Yar Gawayina, Mama ta ce ba za ta haɗa jini da mai aljanu ba. Wallahi ni ma gabana faɗuwa yake."

Ta amsa: "Matsoracina. Gobe ina zuwa."

Washegari ta je ta durƙusa ta gaishe da Mama.

"Mama, garafin ne a cikinta, wani irin gawayi falle-falle, kaurin kowanne ƙwayar zarra ɗaya, an jiƙa su da ruwan gishiri. In an sa caji, ƙwayoyin gishirin masu ɗauke da lantarki sai su yi sahu su manne a jikin fallen, ba abin da ke ƙonewa. In an kunna, na bakin ƙofa ne ke fara saki. Waɗanda suka maƙale can tsakanin falle da falle a hankali suke fitowa, shi ne kike ganin ta farfaɗo. Laifina ne. A wurin aiki wayar lantarki muke ɗaurawa a bakunanta biyu ta zuƙe ragowar. Ko an bar ta ma, kwana kaɗan za ta daina."

Ta zaro wayar lantarkin daga jaka. Mama ta riƙe mata hannu.

"Bar ta, 'yar nan. Tun da ya rasu ba abin da ya motsa a ɗakin nan sai ita." Ta daɗe tana kallon baƙaƙen yatsun. "Ki gaya wa iyayenki muna tafe."

Aka ɗaura aure.

Bayan watanni suka je gaishe da Mama da la'asar. Ana cikin hira haske ya bayyana a bango. Amarya ta ƙura wa fitilar ido, don abin cajin yana gidanta, kuma ta fi kowa sanin ba sauran komai a cikin fitilar nan.

Mama ta yi murmushi. "Ga shi nan, ya zo sa muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Amarya ta ce amin, ta ƙara damƙe hannun mijinta.