Ranar da Maganin Auta Ya Ƙare

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ƙaninta ɗan aji biyu. Makarantarsu ɗaya. A gida Auta ake ce masa, shi kuma yana ce mata Yaya.

Auta yana da ciwon asma. In ya yi gudu da yawa, ko ya shaƙi ƙura ko ƙamshin ɗanyar ciyawa, sai numfashinsa ya sarƙe. Likita ya ba shi maganin shaƙa, ɗan gwangwani ne a cikin shuɗiyar roba. Ana danna shi, ya yi fus, sai a shaƙa.

To, Auta kuwa sarkin yar da kaya ne. Ya taɓa dawowa gida da takalmi ƙafa ɗaya. Shi ya sa Mama ta damƙa maganin a hannun Yaya.

Mama ta ce, "Ki riƙe shi a aljihunki. Ranar wasanni ya shaƙa kafin ya fara gudu. In kika ji yana tari, ko ƙirjinsa yana fito, ko ya kasa magana, maza ki gaya wa babba."

"Na ji, Mama."

Ji kam ta ji. Amma Yaya da ƙawayenta suna da wasan asibiti da suke yi a bayan aji lokacin hutu. Kullum ita ce likita, tunda ita ke da magani na gaske. 'Yar tsana ta kwanta ciwo, fus! Ƙawa ta yi tarin ƙarya, fus a iska! Har tururuwa ma sun samu rabonsu.

Wata rana ta danna, farin tururin nan bai fito ba. Ta girgiza gwangwanin a kunnenta, ba ta ji komai ba. Maganin ya ƙare.

Ƙawarta ta ce, "Ki gaya wa mamanku mana."

"Tabɗi! So kike ta yi min faɗa? Ai Auta ya daɗe bai yi ciwo ba."

Ta mayar da shi aljihu, ta ja bakinta ta yi gum.

Washegari ranar wasannin su Auta ce. Tun daga bakin ƙofar makaranta Yaya ta ji ƙarar inji. Mai kula da fili ne yake yanke ciyawa. Ƙamshinta ya cika ko'ina. 

Kafin su fita fili, Auta ya leƙo tagar ajin su Yaya.

"Yaya, maganina."

Ta miƙa masa. Ya danna, ya shaƙa, sannan ya kalle ta.

"Yaya, yau ban ji shi a maƙogwarona ba."

Nan ne ya kamata ta faɗi gaskiya. Amma ina! Sai ta karɓe abinta ta ce, "Tafi kawai, ka cika surutu."

Malama tana koyar da lissafi a gaban allo. Yaya ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Idonta yana kan taga.

Ta ga Auta yana gudu da 'yan ajinsu. Ta ga ya tsaya, ya dafa gwiwoyinsa, yana tari. Malamin wasanni yana can nesa da usur a baki. Sabon zuwa ne, bai san ciwon Auta ba.

Wani yaro ya ɗaga murya, "Rago! Har ka gaji?"

Auta ya sake zubawa da gudu. Bai yi nisa ba ya durƙushe a cikin ciyawa.

Yaya ta miƙe zumbur. "Malama, ƙanina!"

Ba ta jira izini ba. Ta fita a guje, takalminta ɗaya ya cire, ko waiwayarsa ba ta yi ba.

Abin da ta tarar ya tsorata ta ƙwarai. Kafaɗun Auta suna hawa suna sauka. Ramin wuyansa yana lotsawa duk lokacin da ya ja iska. Ƙirjinsa yana fito kamar butar shayi a kan wuta. Idanunsa sun firfito.

"Ya… Ya…" Ko sunanta ya kasa ƙarasawa. Hannu kawai ya miƙa wajen aljihunta.

Malamin wasanni ya iso yana haki. Ya ga shuɗiyar robar a hannun Yaya.

"Yauwa, ashe da magani! Ba shi ya shaƙa."

Malamin ya karɓa ya danna masa. Ya sake dannawa. Auta bai samu sauƙi ba. Leɓɓansa ma sun fara yin duhu.

Yaya ta fashe da kuka. "Malam, babu komai a ciki! Ya ƙare! Ni na ƙarar da shi! Don Allah a kira Nas!"

Yara sun yi dafifi. Wani ya ce a kwantar da shi. Wata ta ce a zuba masa ruwa.

Sai ga Nas ɗin makaranta da ɗan akwatinta, tana ture yara.

"Kada wanda ya kwantar da shi! Ku matsa ya sha iska! Malam, ɗauke shi daga cikin ciyawar nan."

Aka kai Auta barandar aji. Nas ta zaunar da shi a miƙe, ta kwance masa maɓallin wuya. Ta fito da wani maganin shaƙa daga akwati, ta sa masa a baki.

"A hankali, yarona. Ja iska. Yauwa. Sake ja."

Yaya ta riƙe hannunsa. Ya yi sanyi ƙalau. A ranta tana cewa, "Wayyo Allah, kada ƙanina ya mutu saboda ni."

Can fiton ya ɗan lafa, amma bai tsaya ba. Nas ta ce sai an je asibiti. Shugaban makaranta ya kawo motarsa, Yaya ta shige baya kusa da Auta. Har suka isa ba ta saki hannunsa ba.

A asibiti aka rufe masa hanci da baki da wata roba mai fitar da tururi. Sannu a hankali kafaɗunsa suka daina hawa. Leɓɓansa suka dawo daidai.

Mama ta shigo a ruɗe. Daga kan keken ɗinki ta taso, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta.

Auta ya janye robar kaɗan. Da ƙyar ya ce, "Mama, ba ni na yar da maganin ba."

Maganar nan ta soki Yaya a zuciya. Ta durƙusa a gaban Mama, ta faɗi komai. Wasan asibiti, 'yar tsana, har da korar da ta yi masa a taga.

 

Likita ya dubi Auta ya ce, "Gudu bai zama laifi ba. Za ka ci gaba da wasa. Amma ka shaƙi magani tukuna, ka fara a hankali. Ranar da aka yanke ciyawa, ka nisanci fili. In ka ji ƙirjinka ya matse, ka tsaya, ko da wa ya ce maka rago."

Sannan Mama ta ɗago Yaya.

"Wasa da magani laifi ne. Amma ɓoyewar ta fi muni. Da jiya kika faɗa, faɗa kawai zan yi miki, in sayo wani."

"Tsoron faɗanki na ji, Mama."

"To, yau kin ga abin tsoro na gaske."

Ta jawo ta jikinta ta rungume. Yaya ta yi ta kuka har da shessheƙa.

Auta ya leƙo daga bayan robarsa, yana ɗan murmushi.

"Yaya, ashe haka kike so na?"

Ta share hawaye, dariya ta kufce mata. "Kai, rufe baki ka yi numfashi!"

Da yamma aka sallame su, suka koma gida su uku lafiya lau.

Daga ranar Yaya ta gane cewa magani ba kayan wasa ba ne. Kuma in ka yi kuskuren da zai iya cutar da wani, ka faɗa tun da wuri, ko da za a yi maka faɗa.