Farin Zaren Bakari

Ranar Laraba ce, Kasuwar Shanu ta cika ta batse. Sharifa tana tsaron shagon zaren babanta sai wani dogon saurayi ya yi sallama, tafin hannunsa duk kanta. Ya ce a ba shi nailan mai kauri na ɗinkin tamfol. Da ta miƙa masa, ya gutsuri bakin zaren ya ƙyasta masa ashana. Zaren ya narke ya dunƙule kamar ƙaro.

"Wato ba ka yarda da kayanmu ba," in ji Sharifa.

"Na yarda da ke, Hajiyar zare. Ruwan damina nake tsoro."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata. Sunansa Bakari, gudun hijira ya kawo shi Potiskum, yana ɗinka tamfol ɗin manyan motoci a bakin kasuwa. Kafin ya tafi ya ƙara da farin zaren auduga guda biyu.

Daga ranar nailan ɗinsa ya koyi ƙarewa duk kwana uku. Sharifa kuwa, da a da sai an yi da gaske take zuwa shago, ta zama ita ke buɗewa.

"Hajiyar zare, yau na soki yatsana sau biyu, kuma laifinki ne," ya rubuto mata a waya.

"Allah ya ƙara, Mai tamfol. Ka ci abinci kuwa?"

Babanta Malam Lawan ya shekara talatin yana sayar da zare, kuma da zare yake auna mutane. In tela ya sayi foliyesta, ya san kayan makaranta zai ɗinka, masu shan wanki da rana. Siliki mai sheƙi na aikin wuyan riga ne, mai kaurin nan kuwa na 'yan hatsi ne masu ɗinke bakin buhu. To me mai tamfol yake yi da auduga, zaren da damina ɗaya ke ruɓar da shi?

Abbas, ɗan dillalin shanu da ya daɗe yana neman Sharifa, shi ya kawo amsa a kan lokaci. Ya ce algus ne: nailan inda ido ke gani, auduga daga ciki.

Don haka da Bakari ya nemi izinin turo manya, Malam Lawan ya kira 'yarsa.

"Wanda ya ha'inci direba a ɗinki zai ha'ince ki a aure. Ban san ubansa ba, amma na san zarensa. Kada ya sake tako mini shago."

Yayanta Hussaini, direban babbar mota, ya sa baki. "Baba, tamfol ɗin motata shi ya ɗinka, bai taɓa yoyo ba." Tsohon ko kallonsa bai yi ba.

Sharifa ta ɗauki waya ta rubuta wa Bakari. "Don Allah me kake yi da farin zaren nan? Kalma ɗaya ta isa in kare ka wurin Baba."

"Sharifata, ban taɓa cutar kowa da shi ba. Amma na yi wa Allah alkawari ba zan yi tallar aikin da bakina ba."

Amsar ta yi mata ciwo. Ta ga kamar ya fi son sirrinsa da ita, sai ta daina amsa saƙonsa. Wata biyu tana ramewa, tana sonsa tana jin haushinsa, har dangin Abbas suka kawo kayan sa rana.

Wata safiya motar Hussaini ta faɗi a hanyar Gadaka. Mutum biyar suka rasu, har da shi.

Kafin azahar an kawo shi gida. Sharifa ta ɗauko turare za ta miƙa zaure, idonta ya kumbura da kuka, sai ta tsaya a bayan ƙofa. Malam Bubayaro mai wankan gawa ne ya shigo, Bakari na biye da shi rungume da likkafani.

Malam Lawan ya karɓa. Tun safe bai zub da hawaye ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya bi ɗinkin da babban yatsa, sai ya tsaya cak.

"Wannan audugar shagona ce."

"Ita ce," in ji Malam Bubayaro. "Shekara huɗu yaron nan yana ɗinka wa gawar da ba ta da kowa likkafani, don Allah. Yau kuwa duk mutum biyar ɗin nan ya ɗinka wa."

Tsohon ya dubi Bakari. "Me ya kai ka wannan aiki?"

Bakari ya durƙusa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ranar da aka ƙone garinmu ba mu sami ƙyalle ba, Baba. A tamfol na naɗe mahaifina, na ɗinke da nailan, shi ne a hannuna. Bayan shekara uku na koma, ruwa ya zaizaye kabarin. Tamfol na nan, ɗinkina na nan, ƙasa ta kasa cin ko sili ɗaya. Shi ya sa nake ɗinka likkafani da auduga, ita ƙasa ke ci."

A nan Malam Lawan ya fashe da kuka. Sharifa ta zame ta zauna a bayan ƙofa, kunya da baƙin ciki suka haɗe mata.

Bayan sadakar arba'in tsohon ya mayar wa dangin Abbas kayansu, ya ba su haƙuri.

"Ka yafe mini, Mai tamfol," Sharifa ta rubuta.

"Ban taɓa riƙe ki a raina ba, Sharifata. Allah ya jiƙan Yaya Hussaini."

An ɗaura auren ba kiɗa ba guɗa, a kan tabarmin da aka yi zaman makoki. Da yamma, kafin a kai amarya, Malam Lawan ya kira su biyun ɗakinsa.

"Bakari, na zarge ka a kan abin da ban sani ba, ka yafe mini. Ga Sharifa nan, amana ce." Sannan ya ci gaba. "Ɗan da na zaci zai sa ni a kabari ya riga ni tafiya. Ranar da tawa ta zo, kai za ka ɗinka likkafanina."

"Allah ya ja da ranka, Baba," in ji Bakari. "Na ɗauka."

Sharifa ta kifa kanta a gwiwar babanta tana kuka. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan mijinta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai. Ku tashi ku tafi gidanku."

Suka ce amin tare.