Ranar da Tsoho Ya Taka

"Wata goma sha biyar," in ji Inna Maiturare, tana kaɗa yatsa a tsakar gida. "Ɗan Lami maƙwabciya wata goma ya miƙe, yau har kaji yake kora. Namu kuwa yana nan jibge kamar buhun gyaɗa."

Saude, matar ɗanta, na durƙushe bakin murhu tana hura wuta, ta bar hayaƙi ya ɗauki laifin hawayenta. To me za ta ce? Yaron ɗanta ne na fari, ɗan fari kuwa uwa ba ta shiga zancensa gaban surukai, ba ta yi masa wasa, ko kallo sai a sace. Ga ƙarin ƙulli: sunan marigayi mijin Inna aka sa masa, Isyaku. Duk gidan Tsoho ake ce masa, ita kuwa ko Tsohon ba ta iya faɗa, sai dai "yaron nan".

Auren so suka yi da Ilu, autan Inna, malami a ofishin hakimi a Karaye. Shekara biyu cur yana taka keke daga garinsu Kwanyawa zuwa Beli, garin su Saude, zance, har samarin garin suka haddace ƙarar ƙararrawarsa. Zama ya yi daɗi, sai da aka haifi Tsoho. Inna ta ce maigidanta ne ya dawo, ta mayar da bayanta ɗakinsa. Daga hantsi zuwa magariba yana goye, ba ta yarda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, wai kada ya ci turɓaya, kada kaza ta tsage shi. Wallahi so ne, ba mugunta ba. Amma son nan ya ɗaure yaro, ya ɗaure uwarsa.

Ranar allurar rigakafi Ilu ya kai su asibiti. Nas ta ɗora yaro a sikeli, ta yi wa Saude tambayoyi. Wuya ya tsaya a wata huɗu, zama a wata bakwai, rarrafe a wata goma. Yana kama abu ya miƙe? Saude ta sunkuyar da kai ta ce e, da asuba kafin a zo ɗaukarsa yakan kama ƙafar gado ya tsaya, har ya saki na ɗan lokaci. Nas ta ce lafiyarsa ƙalau. Wani yaron wata goma yake tafiya, wani sai shekara ɗaya da rabi, a dai riƙa barinsa a ƙasa ya motsa jiki.

Ilu ya kawo katin asibiti da murna ya karanta wa Inna. Ta ce ita ta goyi 'ya'ya tara, ba takarda ce za ta ɗaga wa jikanta ƙafa ba. Ta sa aka tatsi nonon Saude a ludayi, aka jefa tururuwa. Tururuwa ta yi 'yan mutsu-mutsu ta nutse. Shi ke nan, hukunci ya faɗi: nonon ne mugu, shi ke sauka wa yaro a gwiwa. Ran Juma'a za a yaye shi, ya zauna wurin Inna, Saude ta tafi Beli ta huta.

Kowa ya san irin hutun nan, ba a sa masa ranar dawowa.

Ilu ya same ta a ɗaki tana ninke zannuwa. Ya ce sori, ya sake cewa sori, kamar kalmar za ta buɗe wata ƙofa.

"Ni ba tafiyar ke cin raina ba," ta ce. "Zan bar shi bai taɓa jin na kira shi da rana tsaka ba. Kai kuma ka san gaskiya, ka yi shiru."

Maganar ta soke shi. Yana son matarsa kamar ransa, yana tsoron bakin uwarsa, tun da aka haife shi bai taɓa mayar mata da magana ba.

Juma'a da hantsi mata suka taru. Saude ta fito da ƙunshinta, ta durƙusa bakin zaure ta yi wa Inna sallama. Tsoho na goye, yana leƙo ta ta kafaɗar kakarsa. Sai Ilu ya cire hula ya tsuguna.

"Inna, ban taɓa roƙonki komai ba. Don Allah ki sauke shi ƙasa, ya yi sallama da uwarsa."

Inna ta harare shi, amma idon jama'a ya sa ta kwance majanyi, ta dire yaron jikin turmi. Ya kama turmin, ya miƙe, ƙafafu na karkarwa. Saude ta dube shi ido cikin ido, karo na farko gaban mutane. Kunyar da ta riƙe wata goma sha biyar ta ga ba ta saya mata komai ba sai hanyar Beli. Ta miƙa hannu biyu.

"Isyaku — zo."

Mata suka kama baki, Lami ta yi salati. Yaro ya yi dariya, ya saki turmi. Taku ɗaya. Ya yi tangaɗi, Inna ta zabura za ta cafe shi, Ilu ya ce a hankali, "Bar shi, Inna." Biyu, uku, huɗu, sai ga shi rigijib a cinyar uwarsa.

Inna ta daɗe tana kallon sawun 'yan ƙafafun nan a turɓaya, majanyi a hannunta, hawaye na bin kumatunta.

"Marar kunya," ta ce da Saude. "Sunan mijina gatsau a bakinki! Tashi ki mayar da kayan nan ɗaki." Ta juya ga Lami ta ce, "Ashe ni na riƙe masa ƙafa."

Haka haƙurin Saude ya biya ta, da ɗanta da mijinta duka. Kowane yaro da lokacin da Allah ya yanka masa, ba a auna shi da ɗan maƙwabta. Kunya ado ce, amma kada ta rufe bakin uwa ranar da ɗanta ke jiran kiranta. Daga ranar Inna da kanta ke share tsakar gida tas, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna tana mita wai Tsoho ya hana kajinta sakat.