Angon da Ya Karya Yayan Amarya

A layin rabon miyar gumbo na cocinsu da ke birnin Shreveport na Amurka Odessa ta fara ganinsa, ƙato kamar ƙofar gareji, riƙe da ɗan kwano yana kunyar neman ƙari. Ta zuba masa ludayi biyu ba tare da ya roƙa ba. Tavion sunansa. Ba a jima ba ta zama "Zumata", shi kuma "Ƙatona".

Ta san ƙwallon Amurka yake bugawa, aikinsa a fili kuwa shi ne ya kayar da duk wanda ke riƙe da ƙwallo. Ana cikin maganar aure, kwatsam aka sayar da yayanta Cedric, mai jefa ƙwallo, ga ƙungiyar da za ta kara da su Tavion ranar Lahadi.

Da Tavion ya zo cin abinci gidansu, mahaifiyarta, Mama Earline, ta ajiye cokali. "Yaro, ka taɓa min ɗa, to ka manta hanyar gidan nan."

"Mama, in na ƙyale shi, koci zai sallame ni."

"Ruwanka."

Kafin wasa saƙonsa ya shigo: "Zumata, ki yafe min tun yanzu. Ban iya wasan ƙarya ba, kuma ba zan iya rayuwa babu ke ba."

Ana dab da tashi daga wasan Tavion ya kutsa ta tsakiya, ya sunkuci Cedric ya maka shi da ƙasa. Odessa ta daskare a kujera, tana kallon yayanta kwance da karyayyar kafaɗa, saurayinta durƙushe a kansa.

A asibiti Mama ta tare wa Tavion ƙofa. Odessa ta riga ta sadaƙar cewa maganar aure ta rushe.

"Mama, bar shi ya shigo," in ji Cedric daga kan gado. "Ni na raɗa masa a fili, in ya sassauta min ba zan ba shi ƙanwata ba. Wanda zai ha'inci abokan wasansa saboda mace, wata rana ita zai ha'inta."

Mama ta saki baki. "Kai ka sa shi?"

"To, ban dai ce ya karya ni ba."

Ranar biki, da yake mahaifinsu ya rasu, Cedric ne ya rako Odessa gaban fasto, hannu ɗaya a rataye. Mama ta daɗe tana hararar ango, sannan ta janyo ƙaton kansa ta sumbaci goshinsa.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Amma jikokina, babu wanda zai taɓa ƙwallo."