Sassaben Mushe Gazali

Akuya ce ta haɗa su. Jar akuya mai ciki, ta Munira ɗiyar Malam Mamudu.

Ran nan an tashi daga lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, malaminta Mushe Gazali (Mushe muke ce wa malamin boko) ya biyo ta bakin rijiya bisa kekensa, sai ya hangi akuyar tana taunar baƙar leda. Ya yar da keken, ya cafki wuyanta, ya zura mata yatsu a baki. Akuya na ihu, shi yana ja.

"Kai bawan Allah! Sata da rana tsaka?"

"Ba sata ba ce, ceto ne," in ji shi, ya ɗaga ledar tana ɗigar yawu. "In ta haɗiye wagga, hanjinta zai ƙulle. Ki rasa ta, ki rasa abin da ke cikinta."

Sai a lokacin ya ɗago kai. Budurwa ce doguwa, da bokiti bisa kai, ta riƙe ƙugu tana son yin faɗa amma dariya ta hana ta.

"Ashe kai ne Mushen leda da ake faɗi," ta ce. "To, mun gode. Sake ta hakanan, ka ga ba ta son ka."

Ya saki akuya, amma ya manta da keke. Sai da ya yi taku goma ya dawo ya ɗauka.

Ni da ke ba ku labarin ga ina zaune gindin itacen bedi, komai a kan idona aka yi. Ban taɓa zama bencin lakwal ba, amma na ga farin saba'in da uku, na ga na tamanin da huɗu, na ci ƴaƴan anza don yunwa har harshena ya daina jin ɗaci, ga ni nan daram. Mutum irina kallo ɗaya yake wa saurayi ya san an gama da shi.

Gazali ɗan Korgom ne, aiki ya kawo shi ƙauyenmu, nan gefen garin Sarkin Hausa. Tun zuwansa mutane ke mamakinsa. Abokan aikinsa kowa da moto, wato babur, shi sai keke, wai esansi, man fetur ɗin nan, hayaƙi ne. Alwala ma gindin zogale yake yi don kada ruwa ya tafi a banza. In za shi kasuwar Mayahi da jakar kaba yake zuwa, mai tebur ya miƙo leda ya ce a bar ta. Ya gina murhun laka a bayan ɗakinsa wanda icce uku ke dafa masa tukunya. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce karatu ne ya yi masa yawa. Ni kaɗai na ce yaron ga yana da hankali.

Munira ta yi kwaleji a Mayahi kafin ta dawo gida, saboda haka ba a daɗe ba saƙo ya fara yawo tsakanin wayoyinsu.

"Salam Muni. Ya jikin mara lafiyata?"

"Ta haihu jiya, tagwaye. Ta ce a gaishe ka, amma kada ka zo."

"Uwar ɗakinta fa? Ita ma kada in zo?"

"Ita ba ta ce komai ba. Bayan la'asar tana zaure tana ɗinki."

Haka aka yi ta yi har sanyi ya wuce. Ranar da ya ce mata yana son ya turo kawunsa, ta sunkuyar da kai tana wasa da zare.

"Mushena, ka san Sabiru mai esansi ya riga ka aikowa."

"Na sani. Ke wa kike so?"

"Mai moto ai ya fi saurin kai mutum kasuwa," ta ce, ta ɗan saci kallonsa. "Amma ni ba sauri nake ba."

Malam Mamudu mutum ne mai magana ɗaya. Da kawun Gazali ya zo daga Korgom, ya karɓe shi da fura, ya ce shi ba ya ba da ɗiya ga wanda bai ga aikin hannunsa ba. Haka muke yi tun kakanni: mai neman aure ya shiga gonar suruki. Bazara ta kama, lokacin sassabe ya yi, sai ya raba babbar gonarsa biyu. Gabas ta Sabiru, yamma ta Mushe.

Sabiru ya tara samari goma. Yini ɗaya suka sare duk wani toho, suka tara suka cinna wuta. Gona ta fito fes kamar an share tsakar gida.

Gazali kuwa shi kaɗai ya shiga, Asabar da Lahadi da yammacin kowace rana. Duk kututturen sabara ko kalgo ko gawo da ya tarar ya yi toho, sai ya durƙusa ya bar kara biyu ko uku a tsaye, ya rage sauran. Abin da ya yanke bai ƙone ba, ɗaure shi yake yi dami-dami ya jera a bakin gona. Ya karanta cewa itacen da aka rena haka yana tare iska, yana riƙe ƙasa. Yana aiki yana murna, a ransa kyauta yake wa surukinsa wadda ta fi goro. Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai tambaya ba.

Sabiru ne ya goyo Malam Mamudu bisa moto ya kawo shi. Tsoho ya sauka, ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Mushe, wanga shi ne sassabe a Korgom?"

"Baba, ai in aka bar su..."

"Shekara arba'in ba a taɓa ganin ƙazanta a gonata ba. Yau mai wucewa zai ce Mamudu ya tsufa, ya kasa." Ya juya zai tafi, sannan ya waiwayo. "Kafin rana ta faɗi ran Lahadi, in ga ba ko tsinke a tsaye. In ba haka ba, ka ce wa kawunka kada ya wahal da kansa."

Da yamma saƙon Munira ya shigo.

"Gaskiya ne ka ce a kasuwa za ka koya wa Baba noma?"

"Wallahi ba haka na ce ba, Muni. Cewa na yi ko babba yana iya ganin sabon abu."

"Sabiru ya ƙara gishiri ke nan. Amma ka faɗi rabin. Baba bai ci tuwo ba yau. Ubana ne, Gazali."

Gazali, ba Mushena ba. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta, "Ki yi haƙuri, hasken idona," ya ga ta karanta, shiru.

Kwana uku yana koyarwa alli na faɗuwa daga hannunsa. Itatuwan nan ya ƙirga su da gwiwarsa, ya san kowanne. Ya sha tsayawa gaban ƴan lakwal yana ce musu wanda ya sare toho ya sare inuwar jikansa. Yanzu ga shi za shi sare ɗari biyu da hannunsa. Amma duk sanda ya rufe ido, zauren nan yake gani, da kan da ke sunkuye bisa ɗinki.

Ran Lahadi bayan asuba ya ɗauki adda ya tafi.

Ya tarar da Malam Mamudu ya riga shi, yana zaune bisa tudu da carbi. Gazali ya durƙusa ya gaishe shi, ya nufi kututture na farko. Sara ɗaya, sabarar ta kwanta. Ya wuce na biyu. Ya wuce na uku.

"Malam, dakatar da yaron mutane."

Inna Habsatu ce, uwar Munira, da igiya da gammo a hannu, Munira na bayanta. Ta juya wa Gazali baya, don kunyar suruki, mijinta kawai take kallo.

"Ke, me ya kawo ki?"

"Abin da ke kawo ni kullum. Icce. Kana tsammanin tuwon sati ukun ga da me aka dafa shi? Da damin da yaron ga ke ajiyewa. Kafin haka sai na kai bayan fadama nake samun abin hura wuta, in dawo rana ta take. In ban samu ba, kara da kashin shanu. Ka taɓa tambaya me ya sa idona ke ruwa?"

"Habsatu, maganar maza ce."

"Awo, ta maza ce. To namijin da ya sare na huɗu, ga gammo, gobe shi za shi bayan fadama."

Munira ta rufe baki da mayafi. Gazali ya tsaya da adda a sama, bai san ya sara ko ya ajiye ba. Ya zo ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, gonarka ce. Na shiga na yi yadda na ga dama ban tambaye ka ba, wannan laifina ne. In ka ce in gama, yanzu zan gama. Amma ina roƙo ka faɗa mini abin da itacen ga suka yi maka."

Malam Mamudu ya ja carbi ya ja. Ni na san abin da zai faɗa, don ina wurin aka yi, amma ko matarsa ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

"Shekarar babban fari," ya ce, "akwai gawo a tsakiyar gonar ga, ubana ya rene shi. Tumakina na mutuwa, na hau na sassaro musu reshe. Sai ga wasu masu kaki, ma'aikatan gandun daji. Suka ce itacen ba nawa ba ne. A gonar ubana! Suka karɓe gatarina, suka zaunar da ni cikin rana gaban mutanen gari har azahar. Tun ran nan na rantse ba abin da zai ƙara girma a nan da wani zai zo ya ce nasa ne."

Inna Habsatu ta sauke igiyarta ƙasa.

"Ban sani ba, Baba," in ji Gazali a hankali. "Yanzu wanda ya reni itace a gonarsa shi ke da shi. Amma kada ka ɗauki maganata, mu je gaban maigari ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane."

Tsoho ya sa carbi aljihu. Ya miƙe, ya taka zuwa wani kalgo da ke kusa, ya sunkuya yana dubawa. Can sai ya yi tsaki.

"Wa ya ce ka bar wanga?"

"Shi ya fi tsawo, Baba."

"Tsawo! Dubi gindinsa, daga gefen ɓawo ya fito. Iskar farkon damina za ta ɓalle shi. Wanda ya fito daga ƙasa ake bari, ko gajere ne. Wannan kuma ka yi masa aski har wuya, rana za ta ƙone shi. Abin da takardar taku ta ce ke nan? Kawo addar!"

Gazali ya miƙa da hannu biyu. Malam Mamudu ya yanke dogon, ya bar gajeren, ya wuce na gaba yana faɗa. Yadda ubansa ke yi ne ya dawo masa a hannu, bayan shekara arba'in. Gazali na biye yana kwashe rassa yana cewa to, Baba. Har azahar suna nan, tsoho bai bar kututture ɗaya bai yi masa gyara ba, bai kuma bar Mushe ya huta da faɗa ba.

Da suka zo bakin gona ya mayar masa da addar.

"Aikinka duk kuskure ne," ya ce. "Amma ka ɗaga adda kan abin da kake so saboda ɗiyata, na gani. Gobe mu je wurin maigari. Kawunka ya zo bayan girbi."

Kafin Gazali ya kai inda ya jingine keke, waya ta yi ƙara.

"Mushena, goge fuskarka. Inna na kallo."

Sabiru ya yi fushi na sati biyu, daga baya ya sami wata a Mayahi, har shi ya kai ƴan ɗaurin aure masallaci bisa motonsa.

An ɗaura bayan an kai hatsi rumbu. Mutanen Korgom suka zo cike da amalanke uku. Ni aka ba rabon goro, don duk garin ba wanda ya kai ni sanin wa ya kamata a fara ba. Malam Mamudu ya kama hannun ango gaban jama'a ya ce, "Na ba ka ita, na ba ka yammacin gonar. Ka riƙe su da kyau." Muryarsa ta karye, liman ya yi sauri ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Washegari da hantsi, ƴan rakiya sun watse, amarya na zaune bakin gado da lalle har gwiwar hannu. Ta dubi mijinta.

"In tambaye ka? Da Inna ba ta zo ba ran nan, da ka sare su duka?"

"Duka."

"Ɗari biyun?"

"Da na sare, in dawo gida in yi kuka, in aure ki. Sannan in shekara ina roƙon Baba ya bar mini guda ɗaya."

Ta yi dariya har hawaye ya zubo mata, ta kama hannunsa, wanda adda ta yi wa kanta, ta riƙe da nata biyu.

"Alhamdu lillahi da ba a kai can ba," ta ce.

Mu ma abin da muka ce ke nan. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya ba mu damina mai kyau, Ya sa su tsufa tare su kai shekaruna, in za su iya.