Gawar Da Ta Kalli Gabas

Ranar Talata, cikin tsananin sanyin 1975, aka kawo wa Sufeto Haladu rahoto a caji ofis na Kazaure: Malam Sama'ilu, sabon malamin daji, ya hau Gandun Dutsen Marke shi kaɗai tun Asabar, bai sauko ba.

Mura ta kwantar da kofur, Landiroba kuwa tun bara take jiran taya daga Kano. Sufeto ya hau babur, daga shi sai tumbinsa, sai tsoron tsayi da ya shekara ashirin yana ɓoye wa gwamnati.

A rugar gindin dutse ya sami Inno mai nono.

"Na ga hawansa, ranka ya daɗe, saukarsa ce ban gani ba," in ji ta. "Tambayi Baba Kawu mai gadin gandu. In ba ya bukkarsa to an yi rasuwa, shi ke mana wankan gawa."

Baba Kawu na nan yana jin wuta, ya naɗe kunnuwa da shuɗin rawani.

"Sati biyu rabona da sama, yallaɓai. Masu wurin ba sa son baƙo a watan nan."

"Su wane ne masu wurin?"

"Ba a kiran sunansu."

"To yau baƙi biyu za su yi. Tashi."

Awa biyu suna hawa. Iska na kuka a tsagar duwatsu, ko tsuntsu babu. Sau uku Sufeto ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, sau uku tana ɓace masa a tsakiya. Bai yarda ya dubi ƙasa ba. Tsohon na biye da shi, gatari a kafaɗa.

A ƙarƙashin wani goshin dutse suka ga tarin ƙaya, saran gatari sabo fil. Sufeto ya janye ƙayar. Malam Sama'ilu ne, ƙeya a fashe.

Amma a gefen dama yake kwance, fuska gabas, ido a rufe. Takalmansa a jere. Manyan yatsun ƙafarsa an haɗe su da ƙyalle shuɗi.

Sufeto ya waiwaya a hankali. Bakin rawanin Baba Kawu a yage yake. Sai a lokacin ya tuna bindigarsa tana cikin durowa a ofis, kuma ko ihu ya yi, biri kaɗai zai ji.

"Baba," in ji Sufeto, "wanda ya faɗo daga dutse yakan cire takalmi ya kalli alƙibla?"

"Aikin iskoki ne, yallaɓai."

"Iskokin nan kuwa sun san haƙƙin gawa. Har rawaninka suka ara."

Tsohon ya sauke gatari daga kafaɗa. Sufeto ya yi salati a zuci, ya yafe wa kofur murarsa.

A ƙasa aka ajiye gatarin.

"Tarkunana ya gani, da fatar damisa a kogo," in ji Baba Kawu. "Ya ce zai rubuta a kore ni. Shekara ashirin da biyu a dutsen nan! Na riƙe rigarsa ina roƙo, ya fizge, ni kuma na tura. Har na kai gida, ƙafa ta dawo da ni. Musulmi ne, yallaɓai. In bar shi ruf da ciki kamar mushen jaki?"

Ya miƙo hannaye. Sufeto ya ciro ankwa, ya leƙa gangaren, ya mayar da ita aljihu.

Haka suka sauko, mai laifi riƙe da hannun hukuma yana cewa, "Taka nan, yallaɓai. Kar ka dubi ƙasa."

Sai a gindin dutse ankwa ta shiga. Baba Kawu ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Gobe in an sauko da shi, wa zai masa wanka? Duk yankin nan ni kaɗai ne."

Sufeto ya yi ta buga babur.