Yaren da Ya Buɗe Bakin Baba Cyril

Duk wanda ya shiga ɗakin Vivian a Barnawa sai ya tsaya yana kalle-kalle. Jikin ƙofa akwai 'yar takarda manne, an rubuta la puerta, wato ƙofa da Sifaniyanci. Madubi da tukunya da fanka, har bokitin wanka, kowanne da tasa.

"Wai ke ɗakin kwana ne wannan ko allon sanarwa?" in ji yayarta Becky, tana tsaye da kofin shayi.

"Anti, kofin hannunki ma yana da suna. Juya shi ki gani."

"Allah ya shirye ki. Soyayya dai ta mai da ke 'yar firamare."

Vivian tela ce, 'yar asalin Zonkwa, tana zaune wajen yayar tata. Saurayinta Chigozie, makaniken janareto ɗan Kakuri, ya yi wata takwas da samun aiki a Malabo, can Equatorial Guinea, inda Sifaniyanci ne yaren hukuma. An sa aurensu Disamba, daga nan ta bi shi. Makarantar koyon yaren ta fi ƙarfinta, don haka ta nemi dabarunta. Ta mayar da wayarta Sifaniyanci, har sai da ta yi kwana biyu ba ta gane inda ake tura saƙo ba. Tana kallon fina-finan Mexico a waya, ta tsayar, ta maimaita abin da aka ce da irin fushin mai maganar. In ta hau keke napep sai ta yi ta ƙirga motoci, in ta shiga kasuwa ta riƙa kiran sunan tumatir da albasa ƙasa-ƙasa. Shi kuma Chigozie yakan naɗo mata muryar matan kasuwar Malabo ya turo.

Kullum ƙarfe huɗu sai ta rufe shago ta nufi Kakuri, gidan su Chigozie. Mahaifinsa Baba Cyril, tsohon mai sayar da kayan gyaran mota, ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki kwana tara bayan tafiyar ɗan nasa. Tun ranar bai ƙara cewa uffan ba, ba Ibo, ba Hausa, ba Turanci. Yana zaune a kujera cikin ɗaki mai labule a sake, idonsa a kan wani lungu tsakanin kabad da bango. In an juya kujerar, sai ya yi ta murɗa wuya har ya sake samun lungun.

Matarsa Mama Philomena ba ta taɓa yi wa Vivian baƙar magana ba, amma ba ta taɓa sakar mata fuska ba. Da so samu ne, 'yar garinsu ta so wa ɗanta.

Wata Alhamis Mama ta tafi taron mata a coci. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gidan ya yi tsit. Vivian ta durƙusa tana murza wa tsohon yatsun hannu kamar yadda likita ya nuna, tana ƙirgawa don sabo.

"Uno... dos... tres..."

Ta dakata don ta ƙara man shafawa.

"Cuatro."

Muryar busasshiya ce, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Vivian ta waiga bayanta, ba kowa. Ta leƙa taga, ba kowa. Sai ta juyo a hankali. Tsohon bai kalle ta ba, idonsa na kan lungun nan.

"Cinco," ya ce, ya lanƙwashe babban yatsansa da kansa.

Ta matso kusa da shi. "Baba?" Shiru. "Baba, ka yi magana ne?" Shiru. Ta ɗauko kofi, ta gwada kalmar ruwa. "Agua?"

Sai ya sunkuyar da kai, ya haɗa kafaɗunsa kamar yaron gida a gaban uwar ɗakinsa.

"Sí, señora. Por favor." Wato, e uwargida, don Allah.

Wannan sunkuyawar ita ta fi ba ta tsoro. Baba Cyril mutum ne da duk layin kasuwa ake tashi a gaishe shi, ba ta taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba.

Da Mama ta dawo ta gaya mata, Mama ta ce kunnenta ne. Washegari Vivian ta ajiye wayarta a kan tebur tana naɗa, ta gaishe shi da yaren a gaban Mama. Ya amsa. Daga nan magana ta ɓalle masa, doguwa, yana haki, yana nuna lungun da hannunsa mai lafiya. Suna ɗaya yake ta maimaitawa, Benson.

Mama ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Shekara talatin da takwas ina aure da mutumin nan," ta ce a hankali. "Ban taɓa jin wannan yaren a bakinsa ba. Ba mu da wani Benson, daga danginsa har nawa. Wane ne yake magana a cikinsa?"

"Mama, Sifaniyanci ne, irin wanda nake koyo..."

"Irin wanda kike koyo." Idon Mama ya sauka a kan kofin tsohon, inda Vivian ta manna 'yar takarda da safe don ta ga ko zai karanta. Ta sa bakin zaninta ta ɓanɓare ta, ba ta yarda ta taɓa da hannu ba. "Na daɗe ina jin ki kina ƙus-ƙus a kicin, a bayan gida, a kan mijina. Ashe aiki kike yi. Ɗauki jakarki."

"Mama, don Allah ki saurare ni."

"Kin raba ni da ɗana bai isa ba, sai kin sa wa mijina baƙo a baki? Kar ƙafarki ta sake taka gidan nan. Auren ma sai na gani."

Da yamma Chigozie ya kira. Muryarsa duk ta gaji.

"Vee, na san ba ki yi komai ba. Amma ni kaina na kasa ganewa, Baba ko Kamaru bai taɓa zuwa ba. Mama tana kuka, ta ce in zaɓa. Ki ɗan janye, don Allah, har ta huce."

"Kai ma kana tsorona?"

Ya yi jim kafin ya ce a'a, kuma wannan jim ɗin ya fi maganar Mama yi mata ciwo. Ta kashe waya ta yi kuka mai isarta. Becky ta ce ta mayar musu da zobensu, maza ba su ƙare ba, ita ba za ta zauna a kira ƙanwarta mayya ba. Vivian ta share hawaye ta ce, "Anti, uwa ce da ta tsorata. Ni ma da nake wurin na tsorata. Ba zan rama ba."

Gaskiya ne, tsoron bai sake ta ba. Kwana uku ta kasa kunna abin da ta naɗa. Ran na huɗu, da tsakar rana a shago, ta sa abin ji a kunne ta kunna. Muryar tsohon ta cika mata kai, kamar yana tsaye a bayanta. Ta rage gudun maganar yadda take yi wa fina-finai, ta ji, ta mayar, ta sake ji, tana rubuta abin da ta kama da allin tela a kan tebur, tana duba ƙamus na waya. Sai da ta yi kwanaki kafin jimloli uku su fito. Na bar shi a gona. Ƙarƙashin itace. Inna ba ta sani ba.

Ta zauna tana kallon rubutun, ga rana tana dukan kwano, amma sanyi take ji. Ta so ta kira Chigozie, sai ta fasa, don kar a ce ita ta ƙirƙira.

Ran kwana na goma sha ɗaya, ta ɗago kai daga keken ɗinki ta ga Mama Philomena a bakin shago, ɗankwali a karkace, idonta ya faɗa.

"Kwana huɗu ke nan bai ci abinci ba," in ji Mama, ba ta ko amsa gaisuwa ba. "Yana ta magana da lungun nan, yana kuka. Na kira Fadan cocinmu, ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa. Ya ce shi bai ga aljani ba, tsoho ya gani da yake neman mai jin maganarsa. Likita ma ya ce irin wannan ciwon yakan rufe wa mutum wani yare ya bar masa wani. Ni dai ban sani ba. Ki zo."

Vivian ta ɗauki jakarta.

Ta tarar ya rame, leɓɓansa sun bushe. Ta durƙusa a gabansa, ta haɗa 'yan kalmomin da take da su, ta tambaye shi wane ne Benson.

A karo na farko ya ɗauke ido daga lungun ya dube ta.

"Mi hermano."

"Ya ce ɗan'uwansa ne," ta gaya wa Mama.

Yamma uku suka yi a kan labarin, kalma-kalma, wani lokaci ta gane, wani lokaci sai ta naɗa ta tafi da shi gida. Tun yana saurayi, shi da ƙaninsa Benson suka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin da mutanensu suke kira Panya, aikin gonar koko. Tsibirin nan shi ne inda Malabo take. Shi Cyril aka ɗauke shi aikin gida wajen manajan gonar, a can ya koyi yaren. Benson ya zauna a cikin gona. Zazzaɓi ya kama shi, aka aiko wa Cyril sau biyu, ranar kuwa ana da baƙi a gidan, ya ji tsoron neman izini. Da ya je washegari ya tarar da gawa. Shi ya haƙa ramin da hannunsa. Da aka kwaso 'yan Najeriya aka dawo da su gida, ya kasa kallon idon mahaifiyarsu, sai ya ce mata Benson ya yi aure a can, yana nan tafe. Har ta mutu tana jiran sa. Shi kuwa ya gudo Kaduna, inda in ban da 'yan ƙauyensu ƙalilan ba wanda ya san yana da ƙane.

Mama ta aika aka zo da Dattijo Wilfred daga Sabon Tasha, ɗan ƙauyensu da ya girmi Baba Cyril. Ya saurara, ya daɗe yana jujjuya sandarsa.

"Su biyu suka tafi, ɗaya ya dawo," ya ce. "Mun sani. Ya roƙe mu kar mu ambaci Panya a gaban iyalinsa, mu kuwa muka ɗauka wahalar can ce ba ya son tunawa."

Mama ta rufe fuska da zani. "Kuma ɗansa ya zo ya ce masa can zai tafi. Ina zaune ranar, na ga ya ajiye cokali, ban tambaye shi ba."

Da Vivian ta ba Chigozie labarin, ya nemi hutun kwana biyu ya bi kwatancen gonar da tsohon ya yi mata. Gonar ta zama daji, itatuwa sun fi a ƙirga. Amma ya samu wata tsohuwa da ta nuna masa gangaren da ake binne leburori a da. Ya je da Fadan ƙauyen, ya kira su ta bidiyo da rana tsaka, Vivian ta riƙe wa tsohon waya. Babu kabari, ciyawa ce kawai da hazo a kan dutse. Fadan ya yi addu'a da Sifaniyanci, ya ambaci sunan Benson, Baba Cyril yana bin addu'ar, bai ɓata kalma ko ɗaya ba. Da aka gama ya taɓa gilashin wayar da yatsa, ya yi wata 'yar gajeriyar magana.

"Me ya ce?" Mama ta tambaya.

"Ya ce, ka yafe mini."

Ranar ya sha kunu kofi biyu, ya yi barci har la'asar.

Vivian na wanke kofin a tsakar gida sai Mama ta zo ta tsaya a kanta.

"Na kira ki da sunan da ba naki ba, 'yata. Da ke wata ce, da kin bar ni da gawa."

"Ya wuce, Mama."

"Bai wuce ba sai kin ce kin yafe."

"Na yafe tun a shago."

Chigozie ma ya nemi gafarar shirun da ya yi a waya, ta ja masa rai kwana biyu sannan ta haƙura. Aka ɗaura aure a Disamba kamar yadda aka sa, dangin Zonkwa da na Kakuri suka cika coci, Mama Philomena ce ta fi kowa rawa.

Sauran yarukan Baba Cyril ba su dawo ba. Ganin haka Vivian ta roƙi mijinta ya bar ta wata uku kafin ta bi shi, don kar ta tafi da bakin tsohon. Ta zaunar da surukarta, mai shekara sittin da biyu, tana koya mata suna girki, suna wanki, suna tsinkar ganyen miya na ugu, ana kuskure ana dariya. Wata safiya Mama ta ce yau da kanta za ta gwada. Ta shiga da ƙoƙon koko, ta zauna kusa da mijinta, ta faɗi jimlar da ta yi mako tana haddacewa, wato ni ce Philomena, matarka.

Tsohon ya dube ta, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

"Ya lo sé."

Mama ta waiga ƙofa inda Vivian take tsaye. "Me ya ce?"

"Ya ce ai ya sani."

Mama ta yi dariya, hawaye na zuba cikin kokon, shekara guda ke nan rabon da mijinta ya amsa mata magana.

Abin da mutum bai gane ba, ya tambaya kafin ya sa masa suna, don tsoro yakan sa a kori mai magani daga gida. Wanda kuma aka zalunta da zato, in ya riƙe bakinsa ya ci gaba da alherinsa, gaskiya da ƙafarta za ta zo neman sa har inda yake.